Shaidar Maciya A Kan Gidajen Abinci Tsakanin Kaduna Da Kano

Babu tambayar da matafiyi ya kan riga yi in ya sauka garin da ba shi da kowa kamar ya ce, ina a ke samun abinci mai kyau a nan? Ba hukuma ya kan tambaya ba, ba kuwa takardar shaida ya kan nema a jikin bango ba. Direban da ya kawo shi ya kan tambaya, ko ɗan kamasho, ko wanda suka haɗa sahu da shi a masallacin tasha. Inda aka nuna masa nan zai nufa, ya kai kuɗinsa da cikinsa. Don haka maganar maciya ba abin wasa ba ce. Ita ke cika rumfar wata mai tuwo har a rasa benci, ita ce kuma ke watsa cinikin wata har ta kife tukunya ta koma gida da bashin 'yan hatsi a wuyanta.

Mu da aikin duba makarantu ya kan ɗora bisa hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, tafiyar da ta haura kilomita 200, mun daɗe muna cin abincin hanya, muna kuma sauraron abin da masu ci ke faɗi bayan sun wanke hannu. Nufinmu a nan mu shimfiɗa wa masu karatu wannan shaida, mu nuna inda ta ke daidai da inda ta kan karkace. Gama a ganinmu bakin maciya shi ne dubagarin da ba ya hutun Asabar da Lahadi. Sai dai aibinsa biyu ne. Ya kan yi hukunci bisa abin da harshe ya ji kaɗai, ya kan kuma yanke hukuncin a bayan idon wanda ya kamata ya ji.

YADDA AKA FARA CI A WAJE

A da, a ƙasar Hausa, abin kunya ne a ga magidanci zaune a kasuwa yana cin tuwon saye. Sai a ce ko matarsa ta yi yaji, ko gidansa ba shi da tsari. Baƙo kuwa ba ya yawon neman inda a ke sayarwa, gama mai masaukinsa ne zai fito masa da akushi. Falke ma in ya shigo gari, fatomansa ke ɗauke masa wahalar ci da sha. Abincin sayarwa akwai shi tun da daɗewa, amma galibinsa mata ke dafawa cikin gida, yara su fito da shi talla, kamar su fura da waina da ƙosai da ɗanwake. Mahauta kuma suna gasa tsire da balangu a bakin kasuwa, ƙarƙashin ikon Sarkin Pawa.

Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911 ita ta fara sauya al'amarin. Ta kawo ma'aikata waɗanda ba su da iyali a kusa, aka kafa unguwannin Sabon Gari a Kano da Zariya, masu tuwo-tuwo suka girka murhu kusa da tasha. Daga baya manyan motoci suka biyo, ofisoshi da masana'antu suka yawaita a Kaduna da Kano, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kwalejojin horon malamai suka cika da samari da 'yan mata da suka baro gidajen iyayensu. Yau ga 'yan kasuwar Kantin Kwari, ga masu A Daidaita Sahu, ga leburorin gini, ga ɗalibai, jama'a mai ɗimbin yawa wadda abincinta na rana, wani lokaci har da na dare, ba daga gida ya ke fitowa ba. Abin da a ke kunyarsa a da ya zama tilas. Abin da ya zama tilas ga talaka kuwa ya cancanci a zauna a dube shi da kyau.

KOWA DA MA'AUNINSA

Abu na fari da mai neman shawara zai sani shi ne maciya ba bakinsu ɗaya ba, gama ba buƙatarsu ɗaya ba.

Direban babbar mota da ya tsaya Mararrabar Jos ko Kwanar Ɗangora, abin da ya ke yabo shi ne abinci mai zafi, mai riƙe ciki, wanda za a kawo nan da nan, a kuma same shi ko da tsakar dare ne. Shaidar direbobi tana da nauyi ta fuska guda, watau su masu dawowa ne. Wanda ya ci yau, jibi ya sake biyowa, in cikinsa ya ɓaci ya san inda ya ɗebo. Shi ya sa matafiya ke cewa inda ka ga motoci sun jeru nan za ka tsaya. Amma a yi hattara, domin a waɗansu wurare direban motar haya ba ya biyan abin da ya ci muddin ya sauke wa mai abinci fasinja. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa tilas ya yi masa aski. Yabon wanda aka ciyar kyauta ba ya zama shaida.

Ɗalibi a Samaru ko Kongo, shi ma'auninsa yawa. Shinkafa da wake da mai da yaji, ko taliya, ko awara, ko Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, waɗannan su ne abincinsa. Ya kan yabi wadda ke ƙara masa cokali guda na gyara, da wadda ke ba shi bashi har kuɗin gida su iso. Ba mu ga laifinsa ba, gama mun san abin da ke aljihunsa. Ma'aikacin ofis kuwa inuwa ya ke nema, da fanka, da wurin da zai ci ya koma bakin aiki cikin rabin sa'a.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu ba, watau mata matafiya. Su kukansu ba na miya ba ne. Yawancin rumfunan hanya ba su da wurin zaman mata, ba su da kewaye mai tsabta, sai ka ga mace da goyo ta ci abincinta cikin mota a tsakar rana, maza suna miƙe ƙafa a inuwa. Magidancin da ya taɓa tafiya da iyalinsa, in ya sami gidan abincin da ya keɓe wa mata wuri, da buta da tabarmar salla, ba ya mantawa da shi, ba ya kuma daina aika mutane can.

To, in an ce maka wuri kaza ya yi kyau, sai ka fara tambayar kanka wa ya faɗa, kuma me ya je nema.

INDA BAKI YA ZO ƊAYA

Duk da wannan saɓani, akwai shawarwari huɗu waɗanda muka ji su daga bakin kowane irin maci, mun kuwa jarraba mun ga gaskiyarsu.

Ta ɗaya, ka ci abin da gari ya iya. Wanda ya shiga Kano ana nuna masa gurasa, wadda matan unguwar Jakara suka yi suna wajen gasa ta cikin tanderu, a yi bandashe da ita da garin ƙuli da man gyaɗa da albasa, ko a haɗa ta da tsire. In tsaraba ya ke nema a ce masa ya tafi Agadasawa ya sayo kilishi. Zage-zagi kuwa, duk da tsokanar da abokan wasansu ke yi musu a kan fate, wanda ya sami faten tsaki da ya ji yakuwa da gyaɗa a Zariya ba ya ƙara shiga cikin masu dariya. Mai son sakwara da miyar agushi, ko amala, Sabon Gari a kan tura shi. Masa kuma sunan Bauchi ta ke ɗauka, har ka ga an rubuta masar Bauchi a jikin allo a garin da ke nesa da Bauchi ƙwarai. Wannan ma shaidar maciya ce, wadda ta daɗe har ta zama jari.

Ta biyu, wadda ta tsaya kan abinci iri biyu ko uku ta fi wadda allonta ya cika da sunaye. Dalili a fili ya ke. Tukunyar da a ke ɗiba kullum ta kan ƙare da wuri a ɗora sabuwa, amma miyar da ba a tambaya sai jefi-jefi, ɗumame a kan yi ta yi mata har ta kwana biyu.

Ta uku, kowane abinci da lokacinsa. Waina da ƙosai da sassafe, tuwo da shinkafa daga hantsi zuwa azahar, tsire da balangu daga la'asar sakaliya zuwa isha, sa'ad da su ke saukowa daga wuta. Wanda ya je neman tuwon rana da ƙarfe biyar, ya sami kanzo da gindin miya, sa'an nan ya fita yana kushe mai abinci, bai yi mata adalci ba.

Ta huɗu, miya ita ce jarrabawar mai dafuwa. Tuwo kowa ya iya tuƙawa, amma miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya wadda ta ji daddawar kalwa da man shanu, ita ke raba gwana da mai koyo. Dattawa su kan koka da cewa magi ya kori daddawa, har miyar Kaduna da ta Kano sun zama ɗanɗanonsu ɗaya. Samari kuwa su kan ce miyar da ba ta ji magi ba lami ce. Mu dai abin da muka lura shi ne, yawan magi da yaji sau da yawa mayafi ne da a ke lulluɓe ƙarancin nama da kayan miya da shi.

Game da jar miya kuma, ya kamata maci ya san kwanan wata kafin ya yi hukunci. Wanda ya bi ta Kadawa da Kura da Kwanar Gafan da rani ya ga kwandunan tumatir jere bakin titi, albarkar ruwan madatsar Tiga. A wannan lokaci miya ta kan yi kauri ko'ina. Da damina kuwa tumatir ya kan yi tsada, mai abinci ta koma ga busasshe da na gwangwani. A 2016 ma tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har ya gagari talaka. Tsinkewar miya a irin wannan hali ba rowa ba ce.

FARASHI DA MA'AUNI

Babu abin da a ke jayayya a kansa a bakin rumfa kamar kuɗi. Tsofaffi da suka ci tuwo da taro da sisi kafin naira ta zo a 1973 su kan girgiza kai in an faɗa musu kuɗin faranti. Amma ba sai an je can baya ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa ta tashi. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura naira 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kuɗin dakon kowane buhu ya bi ta. A watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ɗara na shekarar da ta gabata da fiye da kashi 40 cikin 100. A watan Yuli na wannan shekara ta 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce ma'aikaci mai wannan albashi yana cin faranti ɗaya na naira 1,500 kowace ranar aiki, kwana 22 a wata. Ya kashe naira 33,000 ke nan, kusan rabin albashinsa, shi kaɗai, bai ciyar da kowa a gida ba. Wanda ke cikin wannan hali in ya ƙirga tsokar nama, ko ya auna malmala da ido, ba ƙwauro ya ke yi ba.

Ita ma mai abinci a matse ta ke. Hatsi da mai da itace ko gawayi ko iskar gas, da hayar rumfa, da kuɗin ruwa, da ladan yara, duk daga cikin tukunya ɗaya za su fito. In kaya suka tashi, hanya uku ce gabanta: ta ƙara kuɗi, ko ta rage ma'auni, ko ta rage inganci. A nan ne shaidar maciya ta kan karkace. Wadda ta fito fili ta ƙara kuɗi ita a kan fi yi wa surutu, alhali kuwa ita ce mai gaskiya. Wadda ta ƙanƙance malmala ta rage yanka a ɓoye, sai an jima a ke ganewa, kuma Alƙur'ani ya yi gargaɗi mai tsanani a kan tauye mudu cikin Suratul Muɗaffifina. Amma wadda ta bar kuɗi da yawa yadda su ke, ta koma sayen ruɓaɓɓen tumatir da naman da ya kwana, tana suya da man da ya yi baƙi don maimaici, ita ce a kan yaba a ce tana da araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A sha'anin abinci kuwa abin ya wuce ado, gama ragowar kuɗin a kantin magani a kan biya shi.

Koke biyu na maciya mun ga suna da hujja. Na ɗaya, farashin masara da shinkafa ya sassauto a kasuwanni a 2025, amma kuɗin faranti a wurare da yawa ya ƙi saukowa. Wanda ya ce kasuwa ce ta sa shi ƙari, kamata ya yi ya bi kasuwa in ta sauko. Na biyu, farashi biyu: ɗaya na ɗan gari, ɗaya na baƙo, ko na mai babbar riga. Maganin wannan ɗan allo ne da alli, a rubuta kuɗin kowane abu inda kowa zai gani tun bai zauna ba. Gidajen da ke yin haka ba a cika jin hayaniya a cikinsu ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, masu abinci da yawa sun koyi karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS. Wannan ya rage rigimar canji, amma ya kawo tasa, watau a tsare mutum bayan ya ci, ana jiran saƙon banki ya shigo. Gidan da ya san darajar baƙo ya kan sami hanyar warware wannan ba tare da ya tozarta shi gaban jama'a ba.

SHIMFIƊAR FUSKA

Mun sha ganin mutum ya wuce gidan abinci mai kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, ya tafi rumfar kwano ya zauna bisa benci. In ka tambaye shi dalili sai ya ce can an san shi, ana gaishe shi, an san ba ya son yaji. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar wurin ci. Abubuwan da maciya suka fi kuka da su ba su da wuyar gyara: ka yi sallama ba a amsa ba, ka zauna ba wanda ya dube ka, wanda ya zo bayanka a riga ba shi don ya fito daga mota mai tsada, ka nemi ruwan wanke hannu a kawo maka wanda mutum biyar suka riga suka tsoma hannu a ciki.

Amma kafin mu daka wa mai kawo abinci tsawa, mu dubi ko wane ne. Sau da yawa yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, ko almajiri da a ke biya da ragowar tukunya, tun asuba suna tsaye, ba wanda ya taɓa koya musu yadda a ke karɓar baƙo. Mu da ke bin rajistar makarantu mun san kujerun da babu kowa a kansu da ƙarfe goma na safe, mun kuwa san inda masu su su ke. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu kyauta. Macin da ke yabon arahar wuri ya kamata ya sani wani sashe na arahar nan karatun yarinyar da ta kawo masa ruwa ne. Gidan da ke ɗaukar manya aiki, ko ya bar yara su je makaranta su dawo kāna su taimaka, ya cancanci a ambaci wannan cikin yabonsa kamar yadda a ke ambaton miyarsa.

ABIN DA HARSHE BA YA JI

Babban rauni na shaidar maciya shi ne ƙwayar cuta ba ta da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki in an gwada da yawan jama'arta. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya bisa ƙidayar waɗanda a ke zato, ta kashe fiye da 3,000, jihar Kano kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi tsananta. Zazzaɓin taifot ta ruwa da abinci ya ke shiga. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, fitsari da kashin ɓera a kan abinci na cikin hanyoyin kamuwa da shi. Taifot da Lassa ba sa nuna kansu ran da aka ɗauke su, sai bayan kwanaki, sa'ad da mutum ya manta inda ya ci, watakila ma ya aika abokai uku can.

Saboda haka mu ke roƙon mai ba da shawara ya yi aiki da idonsa kafin harshensa. Ya leƙa bayan rumfa ya ga inda a ke wanke kwanoni: ruwa nawa a ke sauyawa, akwai sabulu? Ya dubi abincin, a rufe ya ke ko ƙuda na bisa? Yana tururi ko ya huce? Ƙa'idar masana ita ce dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba bisa wuta ba, ba cikin sanyi ba, in kuwa za a riƙe shi da zafi to zafin ya haura digiri 60. Kular da aka zuba wa shinkafa tun ƙarfe tara, a ke buɗe ta ana rufewa har la'asar, ba ta cika wannan sharaɗi ba. Ya fi yin hattara da abin da ba ya komawa wuta, kamar su kabeji da latas da yankakken tumatir da a ke barbaɗawa bisa shinkafa, da zoɓo da kunun aya da ba a san ruwan da aka haɗa su da shi ba. Ya duba ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke yanka nama. Ya duba kwata, ya duba juji. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta.

A FAƊA WA MAI SHI

Aibi na biyu daga tarbiyyarmu ya fito. An koya mana ba a kushe abinci, kuma wannan ladabi ne mai kyau a gidan da aka ba ka don Allah. Amma mun ɗauko shi mun kai kasuwa inda ba wurinsa ba ne. Sai mutum ya ga ƙuda a miya ya ture kwano, ya biya, a ce masa yaya abinci, ya ce madalla. Yana isa tasha ya buɗe baki, kafin magariba mutum ashirin sun ji, ita kuwa mai abinci ba ta ji ba. Tana nan tana ganin ciniki na raguwa, har ta fara zargin maƙwabciyarta da sammu. Wannan ba kunya ba ce, cuta ce ta fuska biyu: ba a ba ta damar gyara ba, wanda zai ci gobe kuma ba a tsare shi ba.

Mu tuna da yawa daga cikin matan nan zawarawa ne, ko waɗanda mazansu suka rasu suka bar musu marayu, tukunyar nan ita ce gonarsu. Magana kuwa zarar bunu ce. Wanda ya ci sau ɗaya, ran da aka yi rashin sa'a gishiri ya zarce, bai isa ya yanke wa wuri hukunci ba. Wanda kuma ya ce an ce ana sa abu kaza a miyar wance, bai gani da idonsa ba, ya ɗauki alhakin da ba zai iya saukewa ba. Hanya madaidaiciya ita ce ka jawo mai wurin gefe, ka ce, Hajiya, ko Baba, ga abin da na gani, a gyara. In ka dawo ka tarar an gyara, ka faɗa wa duniya. In ka tarar ba a gyara ba, kuma abin ya shafi lafiyar jama'a, to, sa'an nan ka gargaɗi mutane da abin da ka gani kaɗai, ka kuma kai magana inda ta dace.

Inda ta dace kuwa sananne ne. Tsarin Mulkin 1999 ya sa kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren sayar da abinci cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dattawa suna tuna zamanin En'e, sa'ad da jin an ce ga dubagari nan ya kan sa a share gida a wanke randa. Ma'aikatan tsabtar muhalli suna nan har yanzu. Abin da jama'a ke so shi ne a gan su bayan rumfa suna duba ruwa da kwata, ba a bakin rumfa kaɗai ran karɓar kuɗin haraji ba. Kwalejojinmu da ke koyar da kimiyyar harkokin gida su ma suna iya buɗe ƙofa lokacin hutu, a tara masu abinci na gari a nuna musu ajiyar abinci da lissafin riba cikin harshen da su ke ji.

Daga ƙarshe, ga abin da mu ke roƙon duk wanda baƙo ya tare shi da tambayar nan. Kada ya tsaya ga cewa wurin wance akwai daɗi. Ya faɗi abin da ya ci, da lokacin da ya je, da abin da ya biya, da sau nawa ya ci a can, da yadda aka karɓe shi, da abin da idonsa ya gani bayan rumfa. In da dangantaka tsakaninsa da mai wurin ya faɗa. Baƙon nan amana ya ba shi, ta kuɗin guminsa da lafiyar jikinsa, mai abinci kuma sunanta ne ke hannunsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar duka biyu, ya sa albarka cikin abin da mu ke ci, amin.